Notunan da Gwaggo ta wanke

Taubashina tela ne. Tun muna yara nake kiransa Allura, don in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa, kuma sunan ya bi shi har yau da furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Ɗan Gwaggo ne, yayar babanmu. Shi kuma Aku yake ce min, wai ba a taɓa ganin bakina a rufe ba sai in ina tauna. Ƙarya yake yi, ko ina tauna ina magana.

Na daɗe ina son in rubuta labarinsa. Ya ce in na kuskura sai ya ɗinke aljihun duk rigar da na kawo masa. Na ce ya ɗinke, dama ba komai a ciki.

Mijin Gwaggo ya rasu Allura na rarrafe, kuma ba ta sake aure ba. Da wanki da guga ta raine shi. Gidansu ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, amma igiyar shanyar da ke ciki in aka warware ta za ta zagaye unguwa ta dawo. Sai ka sunkuya kake shiga, rigar wani na marinka a fuska, zanen gadon wani na ɗiga maka ruwa a wuya. Tafin hannunta ya yi fari, ya tsattsage saboda sabulu. Ita kuma ba sana'a kawai ta ɗauki wanki ba, gaba ce ta gaske tsakaninta da datti. In ka zauna kusa da ita da hula mai dauɗa, kana cikin magana za ka ji iska a kanka, ka waiwaya ka ga hular a cikin baho. Ta taɓa wanke min wando da takardar sakamakon jarrabawa a aljihu. Har gobe ina yi mata addu'a a kan wannan, don babanmu bai taɓa sanin abin da ke cikin takardar ba.

A cikin wannan kumfar Allura ya tashi, shiru-shiru, ba hayaniya. In aka ba shi igiya ya ɗaure, sai ya ɗaure ya kwance ya sake ɗaurewa. Ni ina makaranta ina ɗumama benci, shi yana wajen wani tsohon tela yana koyon sa maɓalli. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Mai kaya zai zo ya zazzage masa masifa a kan hannun riga ya yi tsawo, shi kuwa ya ajiye almakashi ya ce, “Kawo in gani.” Ni kaina na yi shekaru ina tsokanarsa don in ga yadda fushinsa yake. Na ɓoye masa awo, na gaya wa budurwarsa cewa yana tsoron kaza. Murmushi kawai. Budurwar ma ta aure shi, kuma gaskiya ne yana tsoron kaza.

Ranar da ya buɗe shagon kansa bai yi wani shagali ba. Gida ya wuce, ya kwance igiyoyin shanya, ya kife babban bahon, ya ce, “Umma, kin gama.” Ta yi ta faɗa, wai ya mai da ita tsohuwa tun lokaci bai yi ba. Daga baya ta haƙura, ta koma wanke kayan jikokinta, da na matarsa in ta faki idonta, da nawa in na yi sakaci.

Shagon yana ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai aski. Keke biyu ne a ciki, na ɗinki da na surfani. Na surfanin daga baya ya saye shi, kuma kullum sai ya lulluɓe shi da yadi kafin ya rufe shago. A bango akwai ƙusa, a jikinta kwalaye rataye, waɗanda ya yanka siffar wuya da hannu da aljihu. Ba ya sa almakashi a yadin mutum sai ya ɗora kwali ya zana da alli. Allin kuwa a bayan kunnensa yake kwana. Ina jin da shi za a binne shi.

Sai ciwo ya zo. Ƙafafun Gwaggo suka fara kumbura, abinci ya daina shiga. Likita ya ce ƙoda ce, duka biyun sun gaji. Sai dai wankin ƙoda, a haɗa ta da na'ura duk bayan 'yan kwanaki ta tace mata jini. Da aka yi mata bayani sai ta ce, “Ikon Allah. Ni da na wanke wa gari kaya, yau ni ake wankewa.” Likitan ya ce in ta tsallake zuwa ɗaya ruwa zai taru, numfashi ya yi wuya. In ta tsallake fiye da haka, bai ƙarasa maganar ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Asibitin a can ƙarshen gari yake. Zuwa da sauƙi, dawowa ce aiki. Tana fitowa kamar tsumman da aka matse, jiri, amai, ga cunkoson motar haya, ga sauya mota a tasha. Wata rana ta yanke jiki ta faɗi a tashar, mutane suka taru suna mata fifita da kwali. Wannan ne ya sa Allura ya tattara abin da ya daɗe yana tarawa ya sayi mota. Ƙarama ce, ta hannu, launin toka, ta ga duniya kafin ta gan mu. Ya ɗinka matashi biyu a kujerar baya, ya sa labule a taga, ya ajiye ɗan bokiti a ƙasa. Motar nan ba ta zuwa biki, ba ta zuwa kasuwa. Ni da na roƙi aronta in je ganin wata, kallon da ya yi min kaɗai ya ishe ni amsa.

Da farko wajen bakaniken bakin titi yake kai ta. Akwai na kirki da yawa, amma shi bai dace ba. Wanda ya samu ya ce ya gyara, washegari ta mutu a tsakiyar gada da rana tsaka, Gwaggo na kwance a baya, motoci na ta danna musu oda. Daga ranar ya rantse ba mai sake taɓa motar sai kamfanin da ke sayar da irinta. Ƙananan abubuwa, juyen mai da makamantansu, yana kai musu, ya biya, ya dawo ya zauna a kan keke har ƙafarsa ta sage.

Rannan agogon zafin injin motar ya tashi ja, ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan inji. Ya ce in raka shi kamfani. Na sa rigata mai kyau.

Wurin nan, jama'a! Sanyin ɗakin jira zai iya daskarar da miya. Tayil ɗin ƙasa kana iya gyara hula a cikinsa. Aka kawo mana shayi a kofin tangaran, na sha nawa na sha na Allura, don na lura shi ko kallon kofin bai yi ba. Motar kuma aka shige da ita bayan wani ƙaton gilashi, muna hango ta a sama, kamar marar lafiyan da aka hana 'yan uwa shiga wajensa.

Wani saurayi mai naktaye ya zo ya zauna kusa da mu. Gaskiya yaron yana da ladabi. Ya ce famfon ruwa ne ya ci, shi ke zagaya ruwa a inji don kada ya ƙone. Ya ce tunda za a buɗe wajen, gara a sauya bel ɗin injin gaba ɗaya, kuma za su ba da garanti. Sannan ya juyo mana da kwamfuta.

Na duba. Na ce, “Ɗan samari, wannan lambar wayarku ce?”

Ya yi dariya kaɗan ya ce, “A'a, Baba, kuɗin aikin ne da kaya.”

“To famfon da zinariya aka ƙera shi?”

“Famfon ba shi ne mai tsadar ba, Baba. Aikin ne. Sai an kwance abubuwa da yawa kafin a kai gare shi.”

Allura ya zaro allin bayan kunnensa, ya jujjuya shi, ya mayar. Can ya ce, “Na gode. Zan yi shawara.” Muka lallaɓo da motar gida, muna tafiya muna tsayawa muna ba ta ruwa kamar tsohuwar jaka.

A nan sai in faɗi yadda gidan ya koma tun da ciwon ya zo, don in ban faɗa ba, abin da ya biyo baya ba zai yi ma'ana ba. Kowa ya mai da Gwaggo ƙwai. Ta ɗauki tsintsiya, matar Allura ta karɓe. Ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, jika ya riga ta. Ruwan sha ma a ƙa'ide ake ba ta, haka likita ya ce. In ana magana ta shigo, sai a sauya zance. In ta yi faɗa ba mai mayar mata, sai “Yi haƙuri, Umma.” Har ni, da na saba mu yi ta cacar baki da ita tana kirana marar aikin yi, sai na koma “Sannu, Gwaggo, ya jiki?” Duk muna ganin kirki muke yi. Ita kuwa ta koma zama a ƙofar ɗakinta, hannuwa a kan cinya, tana kallon bahon da aka kife.

Da muka shigo ranar, fuskar ɗanta kawai ta duba.

“Sun ce nawa?”

“Ba yawa, Umma.”

“Kai wannan, ni na haife ka. Aku, sun ce nawa?”

Karo na farko a rayuwata na rasa abin cewa. Shirun nawa kuwa ya fi kowace amsa.

Ta gyara zama ta ce, a hankali, ba faɗa, “To ku saurara. A bar motar nan. Ni ma a bar ni. Asibitin ya ci, motar ta ci, yaran nan takalmansu sun yage ina gani. Na ga abin da zan gani a duniya. Jibi ba inda za ni.”

Da ihu ta yi da hankalinmu bai tashi haka ba. Gwaggo in ta yi ihu ana iya shawo kanta. In ta yi magana a sanyaye ta riga ta gama shawara.

Allura ya durƙusa a gabanta ya ce, “Umma, ba kamfani zan kai ba. Ni zan gyara da hannuna. Famfon kaɗai zan saya, shi kuwa ba tsada. In na gyara za ki je?”

Ta dube shi ta ce, “In ka gyara da hannunka.”

Muna fita na ce masa, “Allura, kai da ko ƙwan lantarki sai ka yi bisimilla sau uku? Inji ba wando ba ne fa, da za ka farke ka sake.”

Ya ce, “Wanda ya haɗa shi hannu biyu gare shi.”

“Da na'ura ɗari.”

“Riƙe min waya.”

Ya samo bidiyon wani mutum mai manyan hannuwa yana sauya irin famfon a irin motar. Ba ma jin yarensa, amma hannu ba ya buƙatar tafinta. Allura ya kalla, ya mayar baya, ya sake kalla, har na haddace tarin mutumin. Ya aro sifanu da jak wajen maƙwabci. Da safe aka tura motar cikin tsakar gida, ta cinye wurin har sai an bi ta gefe ake shiga kicin.

Sai ya yi abin da ya burge ni, kuma ban gaya masa ba don kada kansa ya kumbura. Akwai wani murfin ƙarfe da ke rufe wajen famfon, notuna da yawa ke riƙe da shi. A ido duk ɗaya suke, amma ba ɗaya ba ne: wani ya ɗara wani da kamar ƙwayar shinkafa, kuma kowanne da raminsa. Mutumin bidiyon ya nuna haka da yatsa, yana girgiza kai. Allura ya samo kwali, ya zaro allinsa, ya zana siffar murfin kamar yadda yake zana wuyan riga. Duk notin da ya kwance sai ya huda kwalin a daidai wurinsa ya soke shi. Kafin azahar ya ciro tsohon famfon, hannunsa baƙi ƙirin har gwiwa, yana murmushin da rabon da in gani tun ranar aurensa. Ya jingine kwalin a inuwa, a jikin bango, dab da ƙofar Gwaggo. Muka ɗauki tsohon famfon muka tafi kasuwar kayan mota neman irinsa.

Mun daɗe. Wannan ya ce nasa ne na asali, wancan ya ce na maƙwabcinsa jabu ne, Allura na gwada su da awon ɗinki. Da la'asar muka dawo.

Muka tarar da Gwaggo zaune a kan kujera 'yar tsugunno, hannun rigarta a naɗe, idonta na ƙyalli. A gabanta faranti ne, a cikinsa notuna, fes, suna walƙiya kamar kayan lefe. Ta jiƙa su a kananzir, ta goge da tsohon buroshi, ta ɗauraye da sabulu, ta shanya su. Matar Allura ta fita unguwa, yara suna makaranta, ba wanda ya hana ta.

“Ga kayanka nan,” in ji ta. “Ƙazanta kamar me. Ta yaya mota za ta yi lafiya da wannan dauɗar a cikinta?”

Allura ya ce, “Umma, kwalin fa?”

“Wannan baƙin kwalin? Na ba mai shara.”

Allura ya dubi farantin, ya dubi hannuwanta da suka jiƙe. Tun da ciwon ya zo wannan ne aikin farko da ta yi daga farko har ƙarshe ba wanda ya karɓe.

Ya ce, “Na gode, Umma. Sun yi kyau.”

Ta shiga ɗaki tana taku kamar wadda ta ci kyauta.

Ni na bi mai shara da gudu har bakin titi, ban same shi ba. Na dawo na tarar Allura ya jera notunan a kan yadi yana auna su ɗaya-ɗaya. Ya tura tsinke cikin kowane rami don ya gane zurfinsa. Amma ramukan akwai tsohon mai a ciki, wasu kuma a lungun da ido ba ya kaiwa. Na ce mu tsaya mu nemo wanda ya sani. Ya ce ya yi mata alkawarin da hannunsa, kuma gobe ne zuwa asibiti. Ya sa sabon famfon, ya ɗora murfin, ya fara ɗaurewa. Yawancinsu sun shiga lafiya. Ɗaya ya tsaya kafin ya kai. Shi kuwa tela ne, ya saba in yadi ya ƙi, a ɗan ja shi sai ya bi. Ya ƙara ƙarfi kaɗan.

Sai muka ji ƙas.

Ƙarar ba ta kai ta fasa gyaɗa ba. Muka leƙa, ga tsaga siririya ta bi jikin murfin daga ramin zuwa ƙasa. Dogon noti ya shiga gajeren rami. Muka kira masu kayan mota, kowa ya ce wannan murfin sai kamfani. Allura ya zauna a ƙasa, ya jingina da taya, bai ce uffan ba. Ni ma, abin mamaki, ban ce ba.

Da safe ya kira tasi tun daga ƙofar gida, abin da ya fi ƙarfin aljihunsa, don dai kada ta bi ta tasha. Ya ce mu gaya mata gam ne aka shafa a injin, sai ya kwana biyu ya bushe. Matarsa ta yarda, ni ma na yarda. Muka shiga ɗakin mu uku, muna sannu-sannu kamar masu ta'aziyya.

Gwaggo na zaune a bakin gado, ba mayafi, ba takalmi. Ƙafafunta sun fara tasawa. Ta saurari labarin gam har ƙarshe.

Ta ce, “Na ji ƙarar jiya. Na ji shirunku kuma. Notunan nan ne, ko?”

“A'a, Umma, ba ruwan...”

“Ba komai. Kun ga abin da nake faɗa. Ina zaune ina ci muku, na tashi in taimaka na ɓata. Ka ce in ka gyara da hannunka, ba ka gyara ba. Sallami mai tasi. Allah Ya yi muku albarka.”

Ta juya za ta kwanta.

Abin da na yi shekaru ina nema da tsokana ban samu ba, ranar na gan shi, kuma da na gani sai na ji tsoro.

“Umma, wa ya sa ki?” Muryar ta fito daga wannan siririn ƙirjin kamar ba tasa ba. “Wa ya ce ki taɓa min kaya? Na yi wuni ina jera su! Kin kwashe, kin wanke, kin ba mai shara kwalina! Kin ɓata min aiki, yanzu kuma ki kwanta ki ce a bar ki? Wallahi ba ki isa ba!”

Matarsa ta dafe baki. Ni na fara lissafin nisan ƙofa. A danginmu ba a taɓa jin ɗa ya ce wa uwa haka ba, balle wannan ɗan, balle wannan uwar.

Gwaggo ta juyo a hankali. Ta miƙe zaune. Na rantse na ga ta ƙara tsawo.

“Ni kake ɗaga wa murya? Ni?”

“Ke, Umma!”

“Ni na riƙe sifana? Ni na murɗa har ya fashe? Tela da gyaran mota! Ka baza min ƙazanta a ƙofar ɗaki, ka sa kai ka fita. Bakinka ciwo yake da ba za ka ce, Umma kada ki taɓa wannan ba? In kwalin na da amfani me ya hana ka faɗa? Da ka dawo ka gani, me ka ce? Na gode, Umma, sun yi kyau! Munafuki! Da ka gaya min a lokacin ai da na ce ka dakata a nemo wanda ya iya!”

“Ina gudun ɓacin ranki ne!”

“Raina ya daɗe da ɓaci! A gidan nan ba mai gaya min gaskiya. Sannu Umma, kwanta Umma, kawo Umma. Kun yi min wanka kun sa min likkafani tun ina numfashi. Har wannan marar aikin yin,” ta nuna ni, “ya koma yi min ladabi. Kai, ladabi ya yi maka kama da rigar aro!”

Na ce, “Gwaggo, ni me na yi? Tun jiya nake gudu a bayan mai shara.”

“Da ka saba aiki ai da ka kama shi!”

Ta tsaya tana haki. Allura ma yana haki, hawaye na bin fuskarsa, bai share ba. Mai tasi ya danna oda a waje.

Ta ce wa matarsa, “Ke, miƙo min mayafina.” Matar ta zabura za ta yafa mata, ta fizge. “Ina da hannu.” Ta zura takalmi da kanta, da ƙyar, ba wanda ya yi gigin sunkuyawa. A bakin ƙofa ta juyo ta nuna Allura da yatsa. “Kada ka ɗauka don kai zan je. Zan je a wanke ni in dawo da ƙarfina, don maganar nan ba ta ƙare ba.”

Tun daga gida har asibiti faɗa take. Mai tasi ya rage rediyo don ya ji da kyau. Aka haɗa ta da na'ura tana ba ma'aikaciyar jinya labarin telan da ya fasa inji.

Motar dai jan ta aka yi zuwa kamfani. Saurayi mai naktaye ya duba aikin bai yi dariya ba, ya ce famfon an sa shi daidai, murfin ne kawai, sai dai yanzu kuɗin ya haura na farko. Allura ya sayar da keken surfani. Wannan karon bai ɓoye mata ba, a gabanta aka zo aka ɗauka. Ta yi masa tas, ta ce da tun farko ya biya su da bai kai ga haka ba, shi kuma ya ce da ta bar masa kwalinsa da ba a biya kowa ba. Har yau ba su daidaita a kan wannan ba, kuma ni duk wanda na zauna kusa da shi nake ba gaskiya.

Nakan yi tunanin abin, ni da ba a san ni da tunani ba. Mutanen kamfani sun yi tsada, wannan ba musu, kuma tsadarsu ce ta kusa sa tsohuwa ta haƙura da ranta. Gyaran kai ma ya yi tsada, har ya fi. Amma da ya biya su tun ranar farko, a ɓoye, ya dawo ya ce ba yawa, ina jin da motar ta gyaru mu ci gaba da sannu-sannu, ita kuma ta ci gaba da zama a ƙofar ɗaki har wata safiya ta ce ba za ta ba, ba kuma wanda ke da bakin yi mata musu.

Yanzu juyen mai da sauya fulogi shi yake yi a tsakar gida, manyan ayyuka kuma ya kai musu yana ƙunƙuni. An mayar mata da tsintsiyarta, in ta gaji ta ajiye da kanta.

Da yammar ranar faɗan, bayan ta huta, ya shiga ya durƙusa ya ce ta yafe masa abin da ya faɗa. Ina laɓe a ƙofa, aikina ne. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, “Ban yafe ba tukuna. Sai mun je wankin ƙoda na gaba mun dawo in duba.”

Aka je na gaba aka dawo, ya sake tambaya. Ta ce sai na gaba. Damina ta wuce, wata ta kusa, har yanzu ana kan na gaba. Na ce masa, “Allura, ka matsa mata mana ta yafe maka, kada ka mutu da haƙƙin uwa.”

Yana cikin zana wuyan riga bai ɗago ba. Ya ce, “Rufe min baki, Aku. Ba na sauri.”